Waƙoƙin da Na Ce Ba Komai a Cikinsu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Ban je shago ba. Ba wanda ya hana ni, bari in rubuta wannan tun da fari. Shagon nawa ne, kowace lasifika da ke ciki da hannuna na sauke ta daga mota. Babba, ɗana na fari, ya ce in huta mako ɗaya bayan abin da ya faru ranar Asabar, shi zai riƙe wurin. Na ce to, don dama ina da aiki a gida.

Aikin shi ne 'Yar Baƙa. 'Yar na'urar sauraron waƙa ce, ba ta cika tafin hannu ba, shekara goma sha huɗu tana aljihun gabana. Waƙa dubu ɗaya da ɗari biyu da sha ɗaya ne a cikinta. Yawancinsu babu su a ko'ina. Ni na ɗauke su da rikodata tun ina yawo da tiren kaset a ka, daga bakin mawaƙan tasha da na bakin kasuwa, mutanen da ba su taɓa shiga situdiyo ba, kuma yau kusan dukkansu suna ƙasa. Kaset ɗin kuwa ruwa ya cinye su shekarar da rufin sito ya rufta. Abin da na riga na juya cikin 'Yar Baƙa shi kaɗai ya tsira.

Yanzu bayanta ya kumbura. Muryarta kuma ta yi ƙasa, ko na kai ta ƙarshe sai in ji kamar daga cikin rijiya take magana. Dole in kwashe komai in zuba a kwamfuta kafin ta mutu a hannuna.

Litinin, ƙarfe 4 na yamma

Na aika an kira Dogo mai gyaran rediyo. Tare muka fara da shi a bakin titi ɗaya, ni na yi gaba, shi yana nan a rumfarsa. Ya juya ta, ya danna bayan da babban yatsa.

"Batirin ya gama, Injiniya. Kwana take ƙirgawa."

Na ce ya duba sautin ma. Ya sa iyafis a kunne, ya kunna, ya fizge shi kamar ya taɓa wuta.

"Haka kake jin ta kullum?"

Na ce haka, kuma ka ga ko fita ba ta yi. Ya dube ni, ya dubi uwar yara da ta kawo masa ruwa, ya sha ruwan har ƙasan kofi. Dogo bai taɓa iya sauti ba, shi ya sa har yau yake gyaran rediyo.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Na haɗa waya, kwamfuta ta gan ta. Awa uku ina kallon koren layi yana jan ciki. Duk sun shiga, dubu ɗaya da ɗari biyu da sha ɗaya, na ƙirga sau biyu. Ni da ban wuce sakandare ba, kuma ban tambayi kowa ba.

Amma sunayen ba su biyo ba. Kowace waƙa ta fito da haruffa huɗu marasa kan gado, KQTV, BZLM, irin haka. Dogo ya turo saƙo cewa haka irin na'urar take, tana riƙe sunayen a cikinta. Ba damuwa. Gobe in riƙa duba fuskarta ina kwafewa.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Ba ta tashi ba.

Laraba, ƙarfe 11 na safe

Na canza waya, na canza soket, na bar ta a rana, na sa ta a inuwa. Fuskarta baƙa ƙirin. Dogo ya aiko an karɓa, ya buɗe, ya ce ruwan batirin ya ci cikinta.

To. Waƙoƙin suna kwamfuta, sunayen suna kaina. Na jera su na ba kowace lamba. Zan saurari kowace ɗaya in sa mata sunanta da na mai ita. Duk garin nan ba wanda zai iya wannan sai ni. Mutumin da yake tsayawa a ƙarshen fili ya gaya maka lasifika ta uku daga hagu ta fara tsagewa, ai ba za a koya masa gane murya ba.

Wadda nake ɗokin kaiwa gare ta ita ce ta tsohuwa mai tabarmi. Ita na fara ɗauka a rayuwata, ina ɗan shekara sha tara, da rikodar aro. Muryarta siririya kamar zare. Tana waƙa tana saƙa, ba ganga, ba komai.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Waƙa arba'in da biyu yau. Na haɗa lasifikar ɗaki, na ba ta wuta sosai don kwamfutar nan ma sautinta ba ƙarfi. Kayan yanzu ke nan.

Uwar yara ta shigo ta dafa kafaɗata. Ta koyi wannan sabuwar ɗabi'a, sai ta dafa ni, ta zagayo gabana, sannan ta yi magana, kamar mai lallashin doki.

"Maigida, gilashin taga yana rawa. Kuma lambar nan da kake faɗa, har makwabta sun haddace."

Na ce ni ban faɗi komai ba, a zuciya nake ƙirgawa. Ta ce to, zuciyar taka tana da amfilifaya. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ba ta taɓa son waƙa ba. Hayaniya take ce mata. Na gina gidan nan da hayaniya, na aurar da 'ya'ya biyu da hayaniya.

Ban kai ga tsohuwar ba tukuna.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Tunda littafin nawa ne, bari in rubuta maganar likita sau ɗaya in huta. Makon jiya ne, uwar yara ta matsa. Yaro ne, Babba ma ya girme shi. Ya sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, ya ɗora mini abin ji a kunne, ya ba ni maɓalli, ya ce duk lokacin da na ji ƙara in danna. Na zauna ina jiran ya fara. Na danna sau uku ko huɗu. Ina nan ina jiran sauran sai ya buɗe ƙofa ya ce an gama.

Ya zana wani layi mai gangarowa kamar tudu. Ya ce na dama ya yi nisa, na hagu yana bin sa, kuma siraran sautuka su ke fara tafiya. Ya tambayi aikina. Da na faɗa sai ya gyaɗa kai kamar ya kama ɓarawo. Ya ce akwai ɗan abin da ake maƙalawa a bayan kunne. Na ce ni nake sa wa mutane amfilifaya, ba a sa mini.

Takardar tana durowa, ƙarƙashin tsofaffin wayoyi. Na'urarsa ma ina shakkar an saita ta.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Wata matsala. Wasu fayilolin ba komai a cikinsu. Lokaci yana tafiya a ƙasan allo, minti huɗu, minti shida, amma shiru, sai ɗan huci. Batirin da ya kumbura ne ya lalata su wajen juyawa, ba shakka. Na buɗe folda na sa mata suna Ba Komai, ina tura su can.

Ina kan ɗaya daga cikinsu uwar yara ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Na kai hannu zan kashe, ta zagayo gabana.

"Ka bar ta ta kai ƙarshe mana."

"Wace? Ba komai a ciki."

Ta buɗe baki za ta ƙara. Na ce don Allah ki bar ni in yi aikina, ba shara nake ba. Ta fita.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Wani gyare da ke mini kuka a cikin kunnen dama bai huta ba tun jiya.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Makon hutu ya cika. Na sa kaya, na ɗauki makullin mota, na kai har bakin ƙofar gida. Makwabcina mai shagon taya yana tsaye a can gefen titi, ya ɗago hannu, bakinsa yana motsi. Gaisuwa ce, ko tambaya ce, ko jaje? Na yi masa murmushi na koma ciki kamar na manta wani abu. Ban sake fitowa ba.

Ɗakin nan taku shida ne a tsaye, biyar a kwance. Yau na auna.

Kira goma sha tara a waya. Mutane sun daina buɗe baki in suna magana a waya, shi ya sa na fi son a rubuto.

Na kai ɗari biyu da sittin. Ban kai ga tsohuwar ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Kwamfuta ta fara nauyi. Ƙwararre ba ya tara tarkace a wurin aikinsa, haka na koya wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina. Na goge ashirin da uku da ke cikin Ba Komai, na shiga kwandon sharar kwamfuta na zubar da su gaba ɗaya. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na tabbata mana.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Babba ya zo. Ya zauna a gabana dab, yana buɗe baki sosai kamar mai koya wa yaro baƙi. Ya ce masu babban ɗakin taron da muka yi wa aiki ranar Asabar ɗin nan sun sake ba mu aiki, amma sun ce shi zai tsaya a kan mikisa, na'urar saita sauti.

Na ce wayar makirfo ce ta yi laifi ranar nan, kowa ya sani.

"Baba, ba waya ba ce. Kusan minti ɗaya lasifika tana ihu. Mutane sun toshe kunne, wata mata ta fita da jaririnta a guje."

Na ce ai da ka yi mini alama.

"Na yi. Kowa ya yi."

Na tuna fuskokin. Duk ɗakin ya juyo yana kallona, ni kuma ina tsaye hannuna a kan mikisa ina murmushi, na ɗauka yabon aikin suke. Sai ga ɗana ya keto tsakiyar mutane ya fizge waya a gabana.

Na ce masa ni na ɗora ka a kan kujera ka kai ga mikisa kana ɗan shekara tara. Ya ce ya sani, Baba. Ya ajiye wani ƙaramin kwali a kan tebur, ya ce likita ya ce a gwada. Ban buɗe ba. Yana durowa tare da takardar.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Talatin kacal. Yanzu da ganga nake gane su. In na ɗora tafin hannu a jikin lasifika, kiɗan yana shiga har gwiwar hannu. Kowane makaɗi da tafiyarsa, ba na kuskure.

Ba Komai ta sake cika, sittin da ɗaya. 'Yar Baƙa ta cuce ni a ƙarshen zamanmu. Ranar Asabar in share su.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Taku shida, taku biyar. Ban kai ga tsohuwar ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Uwar yara ta tafi duba ƙanwarta. Ruwan ɗaki ya ƙare, na shiga kicin da kaina, abin da na fi shekara ban yi ba. Kalandar bara tana rataye a bayan ƙofa, an juya ta baya. Rubutunta ne, da fensir, layi bayan layi har ƙasa, shafi huɗu.

Lambobina ne. Kowace lamba da abin da ta rubuta a gabanta.

214, ba makahon tasha ba ne, ƙaninsa ne.
230, ya ce ba komai. Mai sarewa ne, na ranar ruwan sama.
231, ya ce ba komai. 'Yan matan nan biyu masu tafi.

Na ɗauko kalandar na kawo ɗaki na jera da kwamfuta. Waɗanda na sa wa sunan da ba nasu ba sun kai casa'in. Wannan da sauƙi, ana gyarawa. Sittin da ɗayan da zan share yau, kowace tana da suna a wurinta. Sarewa, muryoyin mata, yara masu amshi.

Sai na nemi lambobin ashirin da ukun nan na ranar Talata.

88, ya ce ba komai. Tsohuwa mai tabarmi.

Asabar, ƙarfe 4 na yamma

Ina ta tuna kwamfuta ranar Talatar nan.

Ta tambaye ni ko na tabbata.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Ban kunna kwamfuta ba. Na mayar da kalanda inda take.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Dogo ya zo da wata manhaja da ya ce takan dawo da abin da aka goge. Awa biyu yana fama. Ba ta dawo da ko ɗaya ba. Ya ce da ban ci gaba da aiki a kan kwamfutar ba, da wataƙila.

Ya haɗa kayansa, ya tsaya, ya ɗauki biro ya rubuta a bayan ambulan ya tura mini: "Nawa na hagu ya tafi shekara shida ke nan. Matata kaɗai ta sani." Ya nuna mini bayan kunnensa, ƙarƙashin hula. Ɗan abin yana nan, launin fata. Shekara shida ina zama da mutumin nan.

Na ce ai kai dama ba ka taɓa ji ba. Ya yi dariya har na ga haƙorin da ya rasa. Dariyar ma gani na yi.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Tana kawo shayi, tana ɗauke kofi. Ta san na gani, don na rataye kalandar a karkace.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na same ta a kicin tana yanka albasa, na ciro kalandar na ajiye a gabanta. Ta wanke hannu, ta juyo ta fuskance ni.

Na ce ke da ba kya son waƙa.

"Har yanzu ba na so. Shekara talatin da ɗaya suna shigo mini ta bango, ina wanki suna nan, ina naƙuda suna nan. Ko dutse ne ai ya haddace."

Na ce me ya hana ki gaya mini.

"Na gaya maka sau uku, maigida. Biyu ba ka ji ba. Ɗaya ka ji, ka ce ba shara kake ba."

Na ce na goge ashirin da uku. Har da tsohuwar.

Ba ta sani ba. Ta ɗauka ajiye su nake a gefe. Ta zauna a kan kujerar tsugune, ta goge ido da bakin zanenta. Albasa ce, in ji ta.

Sannan na faɗi abin da ban faɗa wa likita ba, ban faɗa wa Babba ba, ban rubuta a littafin nan ba. Na ce ba na ji. Ta ce ta sani tun bara, lokacin da na daina yi mata faɗa a kan ƙarar murfin tukunya.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Kujera biyu a ɗakin yanzu. Ita ke saurare, ni ke bugawa. Abu na farko da ta yi, ta kai hannu ta rage sautin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A gabana, a kan lasifikata.

Ba ta san sunayen mawaƙan duka ba. Sai ta rubuta mini baitin farko a takarda, ko ta ce mai muryar nan kamar yana mura, ni kuma sai sunan ya faɗo mini da ranar da na ɗauka da inda muka tsaya. Mun yi gardama a kan ɗari uku da bakwai. Na ce hannuna ya san gangar nan, ta makahon tasha ce. Ta ce hannunka ya san ganga, amma mace ce ke waƙar, sai dai in makahon naka ya sake murya. Na gyara.

Saba'in da takwas yau. Folda Ba Komai ta koma ba komai da gaske, duk sun fita da sunayensu.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Na buɗe kwalin Babba. Na maƙala. Komai ya zama kamar rediyon Dogo, cokali yana faɗa da faranti, fanka tana ihu. Siraran muryoyin dai ba su dawo ba. Likita ya faɗa, ya ce wasu sun tafi ke nan. Na cire bayan awa ɗaya. Gobe in kai biyu. Ban gaya wa Babba ba, kada kansa ya kumbura.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Jiya na rubuta mata lambobin nan ashirin da uku na tambaye ta nawa take iya tunawa daga farko har ƙarshe. Ta bi su da fensir. Tara. Sha huɗu sun tafi, ni na kashe su, ba batir ba. Na rubuta nan don kada wata rana in ce batir ne.

Yau na sa Babba ya aiko da makirfo mai kyau da ƙaramar mikisa, ban ce masa don me ba. Na rufe taga, na kashe fanka, na rataya bargo a ƙofa. Ta ce ita ba mawaƙiya ba ce, kuma in yaran nan suka ji za ta ƙona kwamfutar da ni a ciki. Na ce ki matso, tazarar yatsu huɗu tsakaninki da makirfo. Ta ce ko yanzu sai ka yi mini injiniya.

Na ce tamanin da takwas.

Ta gyara zama. Ta ɗora hannuwa a cinya, yatsunta suka fara motsi kamar mai saƙa, ban san ko ta sani ba. Bakinta ya buɗe. Allurar mikisa ta tashi, ta tsaya a tsakiyar kore, ba ta taɓa ja ba ko sau ɗaya. Da ido na saita ta. Minti biyar da ɗan kai, daidai tsawon ta tsohuwar.

Da ta gama ta tashi da sauri ta ce tukunya tana wuta. Ba tukunya a wuta, na duba ɗazu.

Na sa wa fayil ɗin suna, na juya shi wuri uku. Sannan na kunna. Ban ji komai ba, ko huci. Allurar tana ta rawa ita kaɗai.

Na bar ta ta kai ƙarshe.